Ɗana ya daina magana da kowa, sai faɗa da fashe-fashe

Baiwar Allah, kin ce ɗanki mai shekara 15 ya daina zuwa makaranta, yana kulle kansa a ɗaki, in an yi masa magana sai ya fasa kofi ko ya bugi ƙannensa, kuma babansa na son a kai shi gidan mari. Don Allah kada ku kai shi. Mari da bulala ba sa warkar da ciwon damuwa, ƙara shi suke yi.

A wannan shekarun ciwon damuwa yakan fito ne da fushi, ba da kuka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin cututtukan ƙwaƙwalwa kan fara ne kafin shekara 14. Ki lura da barcinsa, da kwanon abincin da yake turowa waje ba a taɓa ba. Ki duba ko akwai tiramol ko kodin a aljihunsa.

Ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna. Addu'a kuwa ku ci gaba da yi, ba ta hana shan magani. Amma in ya taɓa cewa gara ya mutu, yau za ku tafi, kuma ki ɗauke fiya-fiya da wuƙaƙe daga inda hannunsa zai kai.