Ruwa garau ba shi ne lafiyar kifi ba

Jiya da muka gama haɗa tankin gilashin nan mai lita 100, ka ce min: "Maigida, ruwan ya kwanta garau, me ya sa ka hana Hajiya zuba kifi sai bayan wata?" To saurara, yaro.

Abin da ke kashe kifin ado a sabon tanki ido ba ya ganinsa. Kifi na fitar da wata guba mai suna amoniya ta numfashi da kashi, ragowar abinci ma in ya ruɓe ita yake zama. Ka san warin nan mai hawa ka na tafkin tarwada in an daɗe ba a sauya ruwa ba? Danginta ne. A tsohon tanki akwai ƙwayoyin bakteriya manne a soson filta, wato na'urar tace ruwa, da tsakuwa. Wasu su cinye amoniya su mayar da ita naitirait, wasu su karɓa su mayar naitiret. Sunayen kamar wa da ƙani, halinsu kuwa ya sha bamban: naitirait na hana jinin kifi ɗaukar iska, sai ka gan shi a saman ruwa yana haki, naitiret kuwa sai ya taru da yawa yake cutarwa, kuma sauya ruwa na rage shi. Sabon tanki ba shi da ma'aikatan nan, sai mun kiwata su, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6.

Kiwon ba wuya. Ka fara kashe kulorin ɗin ruwan famfo da magani, don kulorin ke hallaka ƙwayoyin. Ka kunna filta, kullum ka yayyafa ɗan abincin kifi kamar akwai mai ci. Ranar huɗu ko biyar ruwan zai iya yin fari kamar an ɗiga nono. Kada ka taɓa shi, da kansa zai washe. Duk kwana biyu ka ɗebi ruwa a kwalbar gwaji. Amoniya za ta hau ta sauka, naitirait ya biyo bayanta, shi ne mai taurin kai, nan ne yara irinku ke gajiya. Sai amoniya da naitirait sun koma sifili kana ci gaba da zuba abinci, naitiret kuma ya bayyana, sannan ka sauya kusan rabin ruwan, ka saka kifi uku ko huɗu, ba duka lokaci ɗaya ba.

Ni ma na taɓa yin gaggawa: kifi goma sha biyu na zuba wa wani, kafin mako ya zagayo saura biyu, na biya daga aljihuna.

Gobe ka ɗauki tsohon soso daga babban tankin shago, ka sa shi a leda da ruwansa, kada ka wanke shi a famfo, ka cusa shi a filtar Hajiya. Zai rage mana kwanaki. Ka kuma gaya mata ta haɗa filtar da sola, don in wuta ta ɗauke ruwan ya kwana a tsaye, ƙwayoyin na rasa iska.