Likita Ya Amsa: Gam, Sholisho, Tina da Raunin Tsoka

Likita, ni mai haɗa takalma ne, shekarata 6 ina aiki da gam a ɗan ƙaramin shago. Kwanan nan yatsun ƙafata kamar ba nawa ba, silifa kan zame ban sani ba, hawa bene ya zama aiki. Wasu sun ce sanyi ne.

Malam, ban cika yarda da maganar sanyin nan ba. Tsoka ba ta motsi don ra'ayin kanta. Jijiya ce ke kawo mata saƙo, sai ta saki kalsiyam ɗin da ta adana, zaruruwanta su ja juna, ta tsuke. In saƙon bai iso ba, tsoka ta zauna ke nan, a hankali har ta rame.

Wasu nau'o'in gam suna da sinadarin heksen. In ka shaƙe shi, hanta kan mayar da shi wata guba mai cin dogayen jijiyoyi, shi ya sa abin ke farawa daga ƙafa kafin ya hau hannu. An ga haka ga masu haɗa silifa a Japan a shekarun 1960, an kuma gani ga masu takalma a Italiya. Ka je asibiti a auna maka suga da bitamin B12, don ciwon suga da ƙarancin bitamin ɗin ma suna kawo irin wannan, ka kuma faɗa musu sana'arka. Wani abu da kan tsorata mutane: ko ka bar gam ɗin, raunin na iya ƙaruwa na 'yan watanni kafin sauƙi ya fara. Kada ka ce barin bai yi amfani ba.

Ɗana yana shaƙar sholisho. Jiya da safe ya kasa tashi, ƙafafunsa sun saki. Na yi zaton iska ce.

Hajiya, a kai shi asibiti yanzu, kada a jira gobe. Sholisho yana ɗauke da sinadarin toluwin, wanda ke sa ƙoda ta riƙa zubar da potasiyam, wani sinadarin jini da tsoka ke buƙata, cikin fitsari. A jinin mai lafiya, potasiyam yana tsakanin 3.5 da 5.0 a ma'aunin gwajin jini, in ya faɗi sosai, tsoka ba ta amsa kiran jijiya, har tsokar numfashi da zuciya abin yana taɓawa. Gwajin jini ke nunawa, kuma in an mayar masa da potasiyam ɗin, ƙarfi yakan dawo cikin 'yan kwanaki. Ki duba fitsarinsa: in ya koma launin baƙin shayi, tsoka ce ke narkewa, ƙoda na cikin haɗari. Sannan in kun same shi yana cikin shaƙa, kada a razana shi ko a bi shi da gudu, zuciya na iya tsayawa nan take.

Ni mai fentin mota ne. Ina sa takunkumi, ina shan madara bayan aiki, ina wanke hannu da tina. Ya wadatar?

Madara abinci ce, ba ta wanke komai daga jini. Takunkumin yadi ƙura yake tarewa, tururin tina wucewa yake yi. Nemi mai matatar gawayi, ka riƙa sauya matatar. Wanke hannu da tina ko fetur kuwa ka daina, ta fata ma yana shiga jiki. Sabulu da ruwa sun isa, fesawa kuma a fili inda iska ke kaɗawa.