Wane bayanin yanayi zan haɗa da takardun gini?

Malam, ka tambayi bayanan yanayin da za ka haɗa da zanen gidanka a Kano. Fara da NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ka nemi lissafin ruwan sama na shekaru da dama, ba na bara kaɗai ba. A watan Agusta ruwa ya fi yawa, da shi ake auna girman kwata da indararo. Ka rubuta inda hadari ke tasowa. A nan daga gabas yake zuwa, shi ya sa bangon gabas ke fara zaizayewa.

Don Allah ka ajiye littafi a wurin aiki, a riƙa rubuta duk ranar da ruwa ya hana zuba kankare. In ɗan kwangila ya nemi ƙarin lokaci, littafin ne shaida.