Hukuncin Tsohuwar Motar Da Aka Sayar Da Sharaɗin "Ba A Dawowa" Sannan Aibi Ya Bayyana

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malamin firamare ne, na daɗe ina tari, na haɗa da kwasar adashin maiɗakina na sayi Golf 3 'yar gida a hannun wani dillali a Kano domin in riƙa haya da ita bayan an tashi daga makaranta. Farashinta ya yi ƙasa da na irinta, kuma kafin in biya an sa ni na sa hannu a takarda cewa na saye ta yadda na gan ta, ba a dawowa. Ba a jima ba ta fara ɗaukar zafi, da bakanike ya buɗe sai ya tarar da bulok ɗin injin a tsage, an liƙe tsagar da gam an shafe wurin da baƙin mai don kada a gane, ya ce aikin bai daɗe ba. Tun ranar na ajiye ta a ƙofar gida ban sake tayar da ita ba. Dillalin ya ce araha ba ta ado, wani malami a unguwarmu kuma ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, tunda na sa hannu ba ni da haƙƙi. Shin haka ne? Kuma ya halatta in sayar wa wani yadda aka sayar mini domin in mayar da kuɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. Idan al'amarin yana yadda ka bayyana, domin ban ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, to kana da haƙƙin mayar da motar ka karɓi kuɗinka cif, kuma takardar da ka sa wa hannu ba ta tauye maka wannan haƙƙin ba. Haramcin algus da ɓoye aibi a ciniki babu saɓani a kansa, don haka ba zan tsaya a nan ba. Hukuncinka ya rataya ne a kan abubuwa biyu da ka ambata kamar a wucewa: gam ɗin da aka liƙa aka rufe da baƙin mai, da kuma ajiye motar da ka yi tun ranar da ka sani.

Ka fara sanin cewa ba kowace matsala ce ake kira aibi a shari'a ba. Wanda ya sayi Golf 3, motar da aka daina ƙerawa tun kafin shekarar 2000, ya san tayoyi sun suɗe, kujeru sun gaji, fenti ya koɗe, kuma araharta ta riga ta biya masa wannan. A iya nan maganar dillalin tana da gurbi. Aibin da ake mayar da kaya saboda shi kuwa shi ne wanda ya rigayi ciniki, ya ɓuya ga mai saye, kuma masana sana'ar suke rage farashi sosai idan sun san da shi. Tsagewar bulok ta cika waɗannan sharuɗɗa duka, kuma sauƙin farashi ba ya zama bayani, domin mutum yana iya sayar da motarsa da araha saboda bashi ko rashin lafiya ko tafiya, ba a ɗora wa mai saye ya karanta tsagar inji daga farashi ba.

Maganar malamin unguwarku tana da asali a fiƙihu, saboda haka kada ka raina shi. Ita ce mas'alar da malamai ke kira sayarwa bisa bara'a, wato mai sayarwa ya sharɗanta cewa ya kuɓuta daga duk wani aibi. Malaman Hanafiyya sun inganta wannan sharaɗin a kowane irin kaya, ko mai sayarwa ya san aibin ko bai sani ba. Hujjarsu ita ce mayar da kaya haƙƙin mai saye ne, yana da ikon ya yafe shi, kuma yafe abin da ba a san adadinsa ba ya halatta, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci mutane biyu da suka yi jayayya a kan tsohon gādo wanda alamominsa suka ɓace da su nemi gaskiya su raba, sannan kowa ya yafe wa ɗan'uwansa.

Wannan ra'ayi ba shi da ƙarfi a irin halin da kake ciki. Mutanen nan biyu na hadisin gādo dukkansu ba su san haƙiƙanin rabonsu ba, jahilcin ya game su, shi ya sa yafiya ta zama mafita. A cinikinka kuwa ɗaya ya san wurin tsagar har ya sa an liƙe ta, ɗayan bai san komai ba, don haka ba a kwatanta su. Sannan yafiya tana tsayuwa ne a kan yarda, Allah kuma ya halatta cin dukiyar juna ne ta hanyar kasuwanci bisa yardar juna, kamar yadda ya zo a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i. Kai ka yarda da abin da zai iya ɓullowa a tsohuwar mota wanda kai da mai ita ba ku sani ba, ba ka yarda da abin da aka shirya domin a rufe maka ido ba, kuma da an nuna maka tsagar da ba ka biya wannan kuɗin ba. Hadisin da malamin ya kawo ma, na cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu, yana da ƙarashe, an togace sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal, ɓoye aibi kuwa haram ne, takarda ba ta mayar da shi halal. Su kansu Hanafiyya ba su ce mai ɓoyewa ya kuɓuta daga zunubi ba.

Abin da ya fi yanke magana shi ne hukuncin Sayyidina Usman ɗan Affan, wanda Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa. Abdullahi ɗan Umar ya sayar da wani bawa a kan dirhami 800 bisa bara'a, mai sayen ya tarar da cuta a jikinsa, suka kai ƙara. Usman bai ce sharaɗi ya gama magana ba, sai ya nemi Ibnu Umar ya rantse cewa ya sayar da shi bai san da wata cuta a tare da shi ba. Ibnu Umar ya ƙi rantsuwa ya karɓi bawansa, daga baya bawan ya warke, ya sayar da shi a kan dirhami 1,500. Da a ce bara'a tana wanke wanda ya sani da wanda bai sani ba, da neman rantsuwar ba ta da ma'ana, kuma ga Ibnu Umar da taƙawarsa bai yi jayayya da hukuncin ba. A mashhurin mazhabar Malikiyya ma bara'a ba ta amfani a kaya irin mota ko kaɗan. Ni dai na fi karkata ga cewa tana wanke mai sayarwa daga abin da bai sani ba, domin tsofaffin motoci suna ratsa hannuwa da yawa kuma mutane suna da buƙatar wannan sharaɗin, amma ba ta wanke shi daga abin da ya sani ya rufe.

Ajiye motar da ka yi kuwa shi ya tsare maka haƙƙinka. Da ka ci gaba da lodi da ita bayan bakanike ya gaya maka, ba tare da larura ba, da malamanmu sun ɗauki wannan a matsayin yarda da aibin, zaɓinka na mayar da ita ya faɗi. Saboda haka kada ka tayar da ita, kada ka sa a gyara, kuma kada ka yi jinkirin sanar da mai ita a gaban shaidu. Kuɗin hayar da ka samu kafin ka sani naka ne, domin da ta lalace a lokacin a wuyanka take. Duk abin da zafin ya ƙona a injin sanadiyyar tsagar kuma yana kan wanda ya ɓoye ta. Idan kuka yi sulhu ka riƙe motar a rage maka kuɗi, babu laifi: a sa masana su ƙiyasta ta lafiya lau da kuma da aibin, idan bambancin ya kai kashi ɗaya cikin biyar, sai a mayar maka da kashi ɗaya cikin biyar na abin da ka biya.

Ka nemi bakanike biyu amintattu su shaida cewa tsagar da liƙin sun rigayi ciniki. Idan mai sayarwar ya ce a haka ya saye ta bai sani ba, kuma ba ka da shaidar cewa ya sani, rantsuwa ta hau kansa. Ka bincika ko dillalin ne mai motar ko wakili ne, domin kuɗinka yana kan mai ita, dillalin kuwa idan ya sani ya yi shiru, ya yi tarayya a zunubi kuma la'adarsa ba ta da tsarki. Ka fara da shugabannin dillalan wurin, sannan Hisbah, sannan kotun shari'a, kuma ka guji zagi da tara matasa, domin mai gaskiya yakan ɓata gaskiyarsa da fushi.

Tambayarka ta biyu ita ta fi tayar mini da hankali. Bai halatta ka sayar wa wani a ɓoye ba, zaluncin da aka yi maka ba ya ba ka izinin zaluntar wanda bai taɓa ka ba, kuma kai yanzu ka sani sani na yaƙini. Idan za ka sayar, ka nuna wurin tsagar da yatsa, faɗin cewa mota tsohuwa ce ba ya isa. Kada kuma ka sake liƙe ta ka ɗauki fasinja, rayukan mutane amana ne. Tunda arahar ta yi yawa, ka gwada lambar jikin motar da ta injin da abin da ke cikin takardunta, har da na kwastan, kada ta zama ta sata ko mai takardun jabu. Maiɗakinka kuma ka gaya mata halin da ake ciki tun yanzu, ka rubuta kuɗin adashinta a matsayin bashi a kanka sai in ta yafe da daɗin rai.

Allah ne mafi sani.