Baƙin Fenti a Bangon Waje: Amsa ga Ɗan Ƙanena

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma sai da na yi dariya kafin damuwa ta biyo baya. Kana tambaya ko al'ada ta hana mutum ya shafa wa bangon gidansa na waje baƙin fenti mai sheƙi, irin wanda ka gani a hoton waya, tun da an gama maka filasta makon jiya kuma kana so ku tare kafin wata ya mutu. Launin bai tayar mini da hankali kamar wannan "makon jiya" ba.

Lokacin da na gama ginina na farko ban kai shekarunka ba. Filasta ba ta cika kwana 10 ba na sayo fentin mai, shuɗi mai duhu, na kira mai fenti. Dattijon ya ɗora tafin hannunsa a bango, ya ce yana jin sanyi a ciki, a bar siminti ya yi aƙalla kwana 28, domin damshi da kaifin da ke cikinsa suna cinye fentin mai daga ƙasa. Na ce masa ai tun ran gini tun ran zane. Kakanka, Allah ya jiƙansa, yana zaune a gefe, ya ce wannan magana ta ɗanyar laka ce, siminti kuwa haƙuri yake so. Ban ji ba. Gidan ya yi kyau ƙwarai na 'yan watanni, har masu wucewa suna waiwaye. Da damina ta sauka sai bangon ya kumbura kamar wanda ya ƙone, fentin yana ɓarewa falle-falle, wani farin gishiri yana fitowa ta ƙarƙashinsa. Ɓangaren da rana ke duka da yamma kuwa ya koɗe, ɗakin da ke bayansa ya zama ba ya kwantuwa saboda zafi, domin launi mai duhu zafin rana yake sha ya riƙe. Kwana uku muka yi muna kankarewa, kakanka bai ce mini komai ba, wuƙar kankara kawai ya miƙo mini.

Tun daga nan na koma fentin ruwa marar sheƙi a bango, domin yana barin damshi ya fita, yana kuma rufa wa magini asiri, alhali mai sheƙi duk wani tudu da kwari na filasta sai ya tona shi. Fentin mai na ƙofa ne da taga da ƙarfe, bayan an fara shafa maganin tsatsa. Gindin bango, inda ruwan sama ke fantsamo ƙasa, a nan ne launi mai duhu yake da amfani.

Abin da ke ba ni haushi da ku 'yan yanzu shi ne kuna zaɓen launi a fuskar waya, ko a ɗan katin da bai kai tafin hannu ba. Magabatanmu cewa suke yi gani ya kori ji. Ka sayi ƙaramin gwangwani, ka shafa faɗin mita ɗaya sau biyu, ka dube shi da hantsi, ka sake dubawa da la'asar, za ka ga ba launi ɗaya ba ne.

Batun baƙin kuwa, bari sai na zo na ga inda ƙofarka ta fuskanta. Kafin nan kada kowa ya buɗe bokiti. Ka gaishe mini da maiɗakinka.