Ku Tambaya Mu Amsa: Agogon Makka ya ƙi fita a hoto da dare

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ni ɗan Kano ne ina zaune a Shara Mansur nan Makka, wallahi duk sanda na ɗauki hoton agogon nan da dare sai ya fito fari fat ba lamba ba hannu, ƴan gida har cewa suke ko farin wata na turo musu. Wayar ce ba kyau ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, kar ka sai da wayarka tukuna. Abin da ke faruwa shi ne waya tana ganin sama baƙi ƙirin sai ta ƙara haske da kanta, shi kuma agogon da ma fitilu ne zalla a jikinsa, faɗin fuskarsa mita 43, to sai hasken ya yi masa yawa koren fuskarsa ya wanke. Ka taɓa fuskar agogon a sikirin, wata ƴar alamar rana za ta fito a gefe, ja ta ƙasa a hankali har ka ga hannayen sun fito, sannan ka danna. Filasha kuwa kashe ta, ginin da agogon ke kai mita 601 ne, ina filashar waya ina can.

Lokaci ma yana da nasa. Da an sallame Magariba sama da sauran shuɗinta, nan ne gini da fitila ke fita tare, in ka bari sai bayan Isha'i to fitilu kawai za ka samu suna yawo cikin duhu. Kuma kar ka tsaya a gindinsa kana ɗaga kai, ja da baya sosai, ka jingina wayar a katanga ko kan mota, ka sa ta ƙirga daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka don rawar hannu ce ke dama hoto. Zumin da ake ja da yatsa biyu kuma ɓata hoto kawai yake.

In ka leƙa Jidda wajen fanfon Sarki Fahad da ke feshi cikin teku, goge gilashin kyamara tukuna, daga sanyin mota zuwa laimar bakin ruwa nan take yake yin gumi.

Sai kuma a kiyaye, Saudiyya ba a wasa da ɗaukar mutane ba izininsu musamman mata, dokar laifukan intanet ta 2007 ta sa tara har Riyal 500,000 ko ɗaurin da zai iya kai shekara. In askar, wato jami'in tsaro, ya ce sauke waya, ka sauke kawai ba musu.