Kamfani ya karye da kuɗina, ko zan iya sayar da motarsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na biya wani kamfani kuɗin injina biyu, kafin su kawo sai kamfanin ya durƙushe, kotu ta naɗa wanda zai sayar da kadarorinsa. Akwai motarsu da direbansu ya ajiye a harabata tun kafin abin ya faru, makullin yana hannuna. Wani ya ce halal ne in sayar da ita in cire haƙƙina, saboda hadisin Hindu matar Abu Sufyan, wadda Annabi (SAW) ya ba izinin ɗibar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daga dukiyar mijinta. Mene ne hukuncin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Neman haƙƙinka halal ne, babu saɓani.

Amma lura da kalmarka: kuɗi ka biya, ba kaya ka bayar ba. Da injinka ne ka kai musu gyara, ko ka sayar musu bashi kuma yana nan yadda yake, da ka fi kowa cancantar ɗaukarsa, kamar yadda hadisin Abu Huraira ya nuna, kuma a kansa Malik da Shafi'i da Ahmad suke. Kuɗinka kuwa ya cakuɗe da na jama'a, ya zama bashi a wuyan kamfanin. Kai ɗaya ne daga cikin masu bin bashi, rabo kuma gwargwadon abin da kowa yake bi ne: in bashin ɗari ne, abin da aka samu arba'in, mai bin goma zai karɓi huɗu.

Maganar wanda ya ba ka fatawa kuwa, ya ɗauko mas'ala ta gaskiya ya ajiye ta inda ba wurinta ba. Malamai sun yi saɓani a kan mutumin da ya ci karo da dukiyar wanda ya hana shi haƙƙinsa. To amma Abu Sufyan mai wadata ne, rowa ce ta hana shi, kuma babu wasu masu bin bashi a tsaye a ƙofarsa. A nan dukiyar ba ta kai bashin ba, alƙali ya riga ya sa hannu, haƙƙin kowa ya rataya a kan wannan motar. In ka sayar da ita ba kamfanin ka cuta ba, ma'aikacin da ba a biya albashinsa ba da matar da ta zuba ɗan jarinta su ka cuta. Ga shi kuma ajiya aka ba ka, amana ce. A hadisin Abu Sa'id da Muslim ya ruwaito, mutumin da bashi ya yi wa katutu, cewa aka yi da masu binsa su ɗauki abin da suka samu, ba su da wani abu bayan wannan. Ba a ce mai ƙarfi ya riga kowa wawura ba.

Ka sanar da wanda kotu ta naɗa cewa motar tana wurinka. Ka tattara rasit da shaidar tura kuɗi da saƙonnin da kuka yi, ka shigar da sunanka cikin masu bin bashi kafin wa'adi ya cika. Sakaci da wa'adi kan jawo mutum ya tashi a tutar babu. In ta banki ko kati ka biya, tambaye su ko akwai hanyar dawo da kuɗin. In lauya ya ce a ƙara kuɗin ruwa saboda jinkiri, ka ƙi, riba ce.

Ba ka tambaya ba, amma kada ka je gidan manajan da hayaniya. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta kamfanin da alhakinsa ya tsaya a kan jarinsa. Sai fa in shugabannin sun yi zamba ko sun ɓoye dukiya, to sai ka kai hujjarka gaban alƙali, a bi su har aljihunsu.

Zakkar kuɗin ba ta kanka yanzu. A mazhabar Malik, in sun dawo hannunka kuma sun kai nisabi, ta shekara ɗaya za ka fitar. Wallahu a'alam.